Daga Yawon Arba'in Zuwa Hutu A Landan: Doguwar Tafiya Da Jariri

Gabatarwa

Bahaushe bai ɗauki fita da jariri abin wasa ba. Tun daga ranar haihuwa, mai jego da abin da ta haifa suna zaune a gida, ana wankan jego safe da yamma, ana shan kunun kanwa, har sai kwana arba'in sun cika. Bayan nan ne za ta ci ado, ta goya ɗanta, a haɗa ta da 'yar rakiya, ta shiga gidajen dangi da abokan arziki tana yi musu godiya da ban gajiya. Wannan shi ake kira yawon arba'in, kuma shi ne tafiyar farko da ɗan Bahaushe yake yi a duniya.

Yau kuwa zamani ya zo da wata irin tafiya wadda kakanninmu ba su sani ba. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa yakan sami hutu, ya kwashi iyalinsa zuwa wani babban birni na ƙetare, irin su Landan ko Dubai ko Alƙahira, ga jariri ɗan wata uku ko huɗu a hannu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da irin wannan tafiya take yi wa jikin jariri, da dalilan da suke sa hakan, da kuma yadda iyaye za su shirya mata. Za a ɗauki tafiya daga Abuja zuwa Landan a matsayin misali, tafiyar da jirgin sama yake yi cikin kimanin awa shida zuwa bakwai idan bai yada zango ba. Abin da za a nuna shi ne, irin wannan hutu yana yiwuwa, amma bisa sharaɗin cewa bukatun jaririn ne za su tsara shi tun daga ranar tashi har zuwa ranar dawowa.

Yaushe Jariri Ya Isa Tafiya?

Kamfanonin jiragen sama da yawa suna ɗaukar jariri tun yana ɗan mako ɗaya ko biyu. Sai dai wannan ƙa'idar kamfani ce kawai, ba hukuncin likita ba ne. Akwai abubuwa biyu da ya kamata a duba.

Na farko shi ne lafiyar uwa. A cikin makonni shida na farko bayan haihuwa, jinin mace yana da saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, musamman idan tiyata aka yi mata aka ciro ɗan. Zaman awa shida a kujera ɗaya yana ƙara wannan haɗari, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Mako shida kwana arba'in da biyu ke nan, ashe dai adadin da al'ada ta ɗiba wa mai jego bai yi nisa da na likitoci ba.

Na biyu shi ne garkuwar jikin jariri. A tsarin rigakafi na Nijeriya, ana yi wa jariri allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna tun a kwanakin haihuwa, sannan a koma asibiti a mako na 6 da na 10 da na 14. Rigakafin ƙyanda da na shawara kuwa sai ya kai wata 9. Ke nan jaririn da bai kai mako 14 ba bai gama karɓar zagayen farko ba, wanda kuma bai kai wata tara ba ba shi da rigakafin ƙyanda. Kada a ɗauka cewa ƙasashen Turai sun rabu da wannan cuta, domin a 2024 ƙyanda ta ɓarke a Ingila, kuma Landan tana cikin wuraren da ta fi kamari. Ƙwayar cutar tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ɗauke da ita ya fita, filin jirgin sama kuwa matattarar mutanen duniya ce. Saboda haka likitoci sukan yi wa jaririn da ya kai wata shida allurar ƙyanda kafin lokacinta idan zai yi doguwar tafiya. Bakwaini, da mai ciwon zuciya ko na huhu, da mai cutar sikila, bai kamata a sa su a jirgi ba sai da yardar likitan da ya san su.

Ta fuskar takardu, jariri cikakken matafiyi ne. Dole ya sami fasfo nasa na kansa da biza tasa, kuma a sa sunansa a tikiti. Yaron da bai kai shekara biyu ba yana iya zama a cinyar babba, inda yawanci ake biya masa kusan kashi goma cikin ɗari na kuɗin kujera. Yana da kyau a haɗa da katinsa na rigakafi.

Cikin Jirgi

Iskar da ke cikin jirgin sama ba irin ta ƙasa ba ce. Idan jirgi ya lula, matsin iskar da ke cikinsa yakan yi daidai da na kan dutsen da tsawonsa ya kai mita 1,800 zuwa 2,400. Lafiyayyen jariri yana jure wannan, amma kunnensa yakan sha wuya. Dalili kuwa shi ne, akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa cikin kunne da bayan hanci, wadda aikinta shi ne daidaita iskar ciki da ta waje, kuma takan buɗe ne idan mutum ya haɗiye abu ko ya yi hamma. Babba ya san yadda zai haɗiyi yawu kunnensa ya buɗe, jariri kuwa bai sani ba, sai dai ya tsala kuka. Maganin wannan yana jikin uwa: ta ba shi nono lokacin tashi, musamman kuma lokacin da jirgi ya fara sauka, domin a nan ne ciwon ya fi tsanani. Idan jariri yana fama da mura ko ciwon kunne, wannan hanya takan toshe, don haka a ga likita kafin ranar tafiya.

Bayan haka, iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, kamar ta tsakiyar hunturu. Wannan yakan sa wasu iyaye su ɗura wa jariri ruwa, kamar yadda aka saba a gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani cewa nonon uwa zalla ya ishi jariri ci da sha har wata shida. Abin da ya dace shi ne a yawaita ba shi nono, ita kuma uwar ta yawaita shan ruwa. Wanda ake ba madarar gwangwani, a tanadar masa bulumboti wankakku fiye da yadda ake zaton zai bukata, domin jirgi yana iya makara. Dokar taƙaita ruwa a jakar hannu, wadda aka kafa a 2006 kuma wasu filayen jirgi suka sassauta daga baya, ta keɓe madarar jariri da abincinsa, ko da yake jami'an tsaro suna iya bincika su.

A manyan jirage akwai ɗan gadon jariri da ake maƙalawa a bango gaban wasu kujeru. Ba su da yawa, kuma akwai iyakar nauyin da suke ɗauka, saboda haka tun lokacin sayen tikiti ake neman su. Wani abin da ya wajaba a guje masa shi ne bai wa jariri maganin mura mai sa barci don ya yi shiru. Irin wanda ake kira promethazine an hana bai wa yaron da bai kai shekara biyu ba, saboda yana iya danne numfashinsa. Kukan jariri a jirgi abin haƙuri ne na 'yan awoyi, ba abin da za a sayi shiru da ran yaro ba.

Lokaci, Haske Da Sanyi

Ta fuskar agogo, Landan ta yi wa matafiyi daga Nijeriya sauƙi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinsu da namu ɗaya ne, sauran watannin kuwa muna gabansu da awa ɗaya tak. Wannan ya bambanta da tafiya zuwa gabashin Amurka, inda tazarar takan kai awa biyar ko shida, har dare ya koma wa jariri rana. Abin da yake rikita barci a Landan shi ne tsawon yini. A watan Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe biyar na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Don haka a nemi masauki mai labule mai kauri, kuma a riƙe lokutan wanka da kwanciya yadda aka saba a gida.

Game da sanyi, a nan ne tarbiyyarmu take iya yaudarar mu. Kusan dukan al'adun jego an gina su ne a kan tsoron kada sanyi ya shiga jiki, shi ya sa uwa Bahaushiya da ta ji an ce Turai sai ta jibga wa ɗanta riguna da hula da bargo. A waje, cikin watan Janairu, wannan daidai ne. Amma gidaje da kantuna da motocin Landan ana ɗumama su, kuma zafi fiye da kima yana cikin abubuwan da aka danganta da mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci. Shawarar masana lafiya a Birtaniya ita ce ɗakin barcin jariri ya tsaya tsakanin digiri 16 da 20, a kwantar da shi rigingine a gadonsa, ba matashi, ba hula. Hanyar gane ko ya ji zafi ita ce a taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, domin hannu da ƙafar jariri sukan yi sanyi ko da lafiyarsa lau. Gara riguna marasa kauri biyu ko uku da za a iya ragewa, da ƙatuwar riga guda.

Zirga-zirga Cikin Birni

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ya fara aiki tun 1863. Har yanzu kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tashoshinsa ake iya shiga ba tare da hawa ko saukar matakala ba. Layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022 kuma yake zuwa filin jirgin sama na Heathrow, shi ne dukan tashoshinsa suke da na'urar hawa da sauka ko hanya shimfiɗaɗɗiya. Motocin bas suna da wurin ajiye keke, amma mai keken guragu shi ke da fifiko a wurin.

A nan zane da majanyi sun fi keke amfani. Mai goyo tana hawa matakala, tana kutsawa cikin taro, hannuwanta biyu a sake, ɗanta kuma yana jin ɗumin jikinta. Sai dai a kula kada mayafi ko rigar sanyi ta rufe masa fuska, kuma ƙaramin jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba a tabbata haɓarsa ba ta danne ƙirjinsa ba. Shayarwa a bainar jama'a ba laifi ba ce a can, domin dokar daidaito ta 2010 ta hana mai kanti ko gidan abinci ya kori mace saboda tana ba ɗanta nono.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a rage buri. Wuri ɗaya a yini ya isa. Gidan Tarihi na Birtaniya kyauta ake shigarsa, don haka idan jariri ya ƙi bayan rabin awa, sai a fita a dawo gobe, ba a yi asarar komai ba. Haka ma lambuna irin su Hyde Park sun fi dacewa da mai goyo fiye da kasuwanni masu cunkoso. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Idan Ciwo Ya Zo

Jaririn da bai kai wata uku ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa nan take, ba jiran wayewar gari. Haka kuma idan ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko maɗigarsa ta faɗa, ko fitsarinsa ya ragu. Lambar gaggawa a Birtaniya ita ce 999, ta neman shawarar lafiya kuwa 111. Wajibi ne a gaya wa likita cewa daga Nijeriya aka zo, domin zazzaɓin cizon sauro yakan kwanta mako ɗaya ko fiye kafin ya bayyana, kuma likitan da bai san inda yaro ya fito ba zai iya ɗaukarsa mura ce kawai. A Ingila ana duba baƙo a sashen gaggawa kyauta, amma da zarar an ba shi gado, za a caje shi kuɗin aikin har da ƙarin rabinsa. Wannan ne ya sa inshorar lafiya mai ɗauke da sunan jaririn ta zama dole.

Kammalawa

Idan aka kwatanta wannan tafiya da yawon arba'in, za a ga babban bambancinsu ba nisa ba ne, yawan hannuwa ne. Mai yawon arba'in duk gidan da ta shiga akwai mai karɓar ɗan, kaka ko goggo ko ƙanwa, ita kuma ta sami ta miƙe ƙafa. A ɗakin otal a Landan kuwa, daga uwa sai uba. Maigidan da a gida yake jin nauyin ɗaukar ɗansa a gaban mutane, balle ɗan fari, dole ya ajiye wannan kunya tun a filin jirgi, ya rungumi yaro, ya canza masa ƙunzugu, ya yi jijjiga da tsakar dare. In ba haka ba, shi kaɗai zai yi hutu, matarsa kuwa raino kawai ta je yi a ƙasar da ba ta san kowa ba.

Jariri ba zai tuna ya ga Landan ba, amma jikinsa ne zai ɗauki duk abin da tafiyar ta jawo. Saboda haka iyayen da suka jira ya gama alluransa na farko, suka ji ta bakin likita, suka rage yawo, suka raba aiki tsakaninsu, ana sa ran za su je lafiya su dawo lafiya. Waɗanda kuwa suka ga waɗannan sharuɗɗa ba za su cika ba, ba abin kunya ba ne su ɗaga tafiyar zuwa baɗi, domin birni yana nan ba inda za shi, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.