Ƙwallon Kwando: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya bi ta filayen wasa na makarantun sakandare da na barikoki a manyan garuruwan ƙasar nan bayan La'asar, da wuya ya rasa ganin samari dogaye suna guje-guje a ƙarƙashin kwando. Abin da yakan faru a wurare da yawa shi ne, mai horarwa ya raba yaran gida biyu, ya jefa musu ƙwallo, ya koma gefe da usur a baki har Magariba ta gabato. Yara su yi gumi sharkaf, su watse suna murna, amma bayan shekara guda wanda bai iya jifa da hannun hagu ba yana nan yadda yake.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Minti 40 ake yi a wasan ƙwallon kwando bisa dokar ƙasa da ƙasa, 'yan wasa goma ne a fili, ƙwallo kuma ɗaya ce. In an raba daidai, kowa minti 4 ne rabonsa, kuma a zahiri gwanaye biyu ko uku ne ke cinye rabon sauran. Saboda haka ba a cikin wasa yaro ke koyon wasa ba. A filin atisaye yake koyonsa, inda ake ware abu guda a yi ta maimaita shi har jiki ya haddace.

Darasin George Mikan

A shekarar 1942 wani matashin koci mai suna Ray Meyer ya kama aiki a Jami'ar DePaul da ke birnin Chicago a Amurka, ya tarar da wani ɗalibi, George Mikan, mai tsawon mita 2.08, mai sanye da tabarau, ga nauyin jiki. A wancan zamani ana ganin irin waɗannan dogaye ba su da kuzarin da wasan ke bukata. Meyer ya keɓe shi, ya sa shi tsallen igiya da naushin jakar 'yan dambe, kana ya ɗora shi a kan wani atisaye wanda har yau da sunan Mikan ake kiransa.

Ga yadda ake yinsa. Ɗan wasa ya tsaya a ƙarƙashin kwando, ya taka da ƙafar hagu ya yi tsalle, ya jefa ƙwallo da hannun dama ta daki allo ta faɗa kwando. Kafin ta taɓa ƙasa ya cafe ta, ya taka da ƙafar dama, ya jefa da hannun hagu ta ɗaya gefen. Haka zai yi ta yi, dama da hagu, ba tsayawa. Abin da koci zai sa wa ido biyu ne: kada yaro ya sauke ƙwallon ƙasa da kafaɗarsa, domin nan ne gajerun abokan karawa ke fizge ta, kuma kada ya saci jifa da hannun da ya fi ƙarfi. A cikin minti 5 yaro zai yi jifar da ba zai samu yi ba a wasanni da dama. Shi Mikan daga bisani ya ci kofin zakarun Amurka sau biyar tare da ƙungiyar Minneapolis Lakers tsakanin 1949 da 1954.

Ƙafa kafin hannu

Mutane da yawa sun ɗauka wasan na hannu ne, alhali kuwa masana sun daɗe da gane cewa daga ƙafa yake farawa. Babban misali shi ne Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963. Mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, ya kuma yi ƙwallon hannu, sai da ya zama saurayi sa'an nan ya fara ƙwallon kwando. Shi da kansa ya sha danganta saurin ƙafarsa da ƙwallon ƙafar da ya buga yana yaro. Da ya tafi Jami'ar Houston, ya riƙa kwashe hutunsa yana gwabzawa da gwarzon ɗan wasa Moses Malone. Ya ɗauki kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma har yanzu shi ke riƙe da tarihin tare jifa a gasar NBA, watau sau 3,830. Abin lura shi ne, Kobe Bryant ya je wurinsa koyon sarrafa ƙafa a 2009 bayan ya riga ya ci kofi huɗu, LeBron James ma ya bi sahu a 2011.

Atisayen ƙafa ba ya bukatar komai sai fili. Na farko, yara su yi layi su rugo a guje, in an busa usur su dire da ƙafa biyu lokaci ɗaya, gwiwa a lanƙwashe, sa'an nan su kafe ƙafa guda su juya a kanta gaba da baya. Wannan ne maganin laifin tafiya da ƙwallo a hannu, wanda ke sa alƙalin wasa ya karɓe ta ya ba abokan karawa. Na biyu na tsaro ne: mutum ɗaya na tafe da ƙwallo yana buga ta a ƙasa, yana karkata dama da hagu daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, tsawon mita 28, ɗaya kuma na gabansa a duƙe yana ja da ƙafa gefe-gefe ba tare da ya harɗe su ba. Wanda ya harɗe ƙafa an wuce shi ke nan.

Daga mutum ɗaya zuwa ƙungiya

Bayan kowa ya gyara nasa, sai a haɗa su. Akwai atisayen da ake kira saƙar mutum uku: su uku su taso a jere, na tsakiya ya miƙa wa na gefe ya zagaya ta bayansa, shi ma ya miƙa wa na ukun ya zagaya, har su kai kwando ba tare da ƙwallo ta taɓa ƙasa ba. A dawowa kuma wanda ya jefa ya koma tsaro, sauran biyun su kawo masa hari. Da haka yaro ke koyon miƙa ƙwallo gaban abokinsa inda zai isa, maimakon inda yake tsaye.

Ta fuskar tsaro, ana jera mutum huɗu a kewayen kwando suna miƙa wa juna ƙwallo, huɗu kuma na tsare su. Duk lokacin da ƙwallo ta tashi, tilas masu tsaron duka su sauya matsayi tun tana sama, kowa yana ganin ƙwallo yana ganin mutuminsa, yana kuma faɗa da baki abin da yake yi. Ƙungiyar da ke tsaro shiru, rabin tsaro take yi. Ita kuwa jifar kyauta da ake ba wanda aka yi wa keta, kuskure ne a bar yaro ya tsaya ya yi hamsin a jere yana hutawa. A wasa bibbiyu take zuwa galibi, mutum yana haki, don haka a sa shi ya yi biyu nan take bayan gudu.

Takardar koci

Atisaye komai kyawunsa ba ya amfani in babu tsari. John Wooden, wanda ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 tsakanin 1964 da 1975 da Jami'ar UCLA, yakan zauna da mataimakansa kowace safiya su rubuta abin da za a yi da yamma minti bayan minti a kan ƙananan katuna, ya kuma adana su don kwatanta bana da bara. Darasinsa na farko ga sababbin 'yan wasa shi ne yadda ake sa safa da ɗaure takalmi, domin safar da ta naɗe takan jawo bororo, mai bororo kuwa ba ya gudu. Wasu masana biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, sun zauna suna kallon atisayensa a kakarsa ta ƙarshe, suka buga sakamakon a 1976. Sun gano cewa kimanin rabin maganganunsa gajerun umarni ne na abin da za a yi da yadda za a yi shi, yabo da faɗa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Wannan darasi ne ga masu horarwar da ke ɗaukan tsawa da zagi a matsayin koyarwa.

A nan gida, tilas tsarin ya yi la'akari da zafin rana da filin siminti mai cin gwiwa. A sa lokacin shan ruwa cikin takarda, a yi atisaye mai wahala da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. In ƙwallo biyu ce kacal ga yara ashirin, a raba su rukuni-rukuni, wasu na kwando, wasu na tsallen igiya, wasu na aikin ƙafa, a riƙa juyawa, don kada kowa ya tsaya a layi yana jira.

Nijeriya ta riga ta nuna abin da za ta iya. Ƙungiyar maza ta D'Tigers ta ci kofin Afirka a 2015, ta kuma doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci a 2021. Ta mata, D'Tigress, ƙarƙashin koci Rena Wakama, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a wasannin Olamfik a Faris a 2024. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofi a 2019, a Zariya ya tashi, a can kuma ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson. Amma da yawa daga cikin taurarin ƙasar a waje aka goge su. Ya kamata hukumomin wasanni na jihohi da shugabannin makarantu su lura cewa horar da koci guda ya fi sayen riguna ɗari amfani, domin dogon yaron da ke tsaye yau a bakin fili a Kano ko Jos ko Makurɗi ba zai jira ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.