Rumfar Gada, Tsiron da Ba Shi da Saiwa

In kana tafiya a daji, ko ka shiga garka, wani lokaci za ka ga wani abu kamar zare, kore ko rawaya, ya nannaɗe itace ya rufe shi ruf. Wannan ita ce rumfar gada. Ana samunta a ƙasashe masu zafi, tun daga Afirka har Indiya da Amurka ta Kudu.

Bi zaren nan da hannunka ka nemi gindinsa. Ba za ka same shi ba. Nemi ganye kuma, ba ka ganin kome sai ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba. To, da me take rayuwa?

Ga yadda abin yake. Irinta yakan tsiro a ƙasa kamar kowane iri, da 'yar saiwarsa. Sa'an nan zaren ya miƙe yana lalube har ya taɓa wani tsiro. Da ya taɓa sai ya nannaɗe shi, ya fid da waɗansu 'yan bakuna, su huda ɓawo su shiga har inda ruwa da abincin itacen ke bi. Daga nan saiwarta sai ta bushe, gama ta sami mai ciyad da ita. Watau yadda kaska ke yi wa saniya, haka take yi wa itace.

Takan hau mangwaro da lemo da itatuwan shinge. Ga tsotso, ga nauyi, ga tare hasken rana. Sannu a hankali sai itacen ya rage 'ya'ya, rassansa su soma bushewa.

Furenta ƙanana ne farare. 'Ya'yanta kuma in sun nuna farare ne, kowane da iri guda a ciki. Tsuntsaye sukan ci, su kai irin wata garka.

Saboda haka, mai karatu, kada ka ɓata ƙarfinka wajen tonon ƙasa, ba can maganin yake ba. Fizge zaren kaɗai kuma bai isa ba, don guntun da ya saura manne da reshe zai sake toho. Sare reshen da ta kama tun ba ta yi 'ya'ya ba, ka tara waje guda nesa da shuka, ka ƙone. Bayan wannan ka riƙa zagaya garkarka kana dubawa, musamman da damina. Ka kuma faɗa wa maƙwabcinka, gama tsuntsu bai san iyakar gona ba.