3.4 Shurin Bindiga da Zaɓen Harsashi Tsakanin Maharba da 'Yan Gasar Harbi

Kamar yadda bayani ya gabata, ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna maƙwabtaka da manyan dazuzzuka, irin su dajin Rugu da na Kogo da kuma dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari. Wannan ya sa farauta ta daɗe da zama sana'a a yankin. A wannan sashe za a duba wani abu da duk mai riƙe bindiga yake fama da shi, wato shurin da bindiga take yi wa mai ita a lokacin da ta tashi.

Abin da ake nufi da shuri shi ne komawar da bindiga take yi baya da ƙarfi yayin da harsashi ya fita. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana dalilin haka tun a shekarar 1687, inda ya nuna cewa duk abin da ya tura wani abu gaba, shi ma za a tura shi baya daidai gwargwado. Ke nan idan albarushi ya kama, ƙarfin da ya ingiza harsashi shi ne yake ingiza bindigar zuwa kafaɗar maharbi. Abubuwa uku ne ke ƙara shuri ko su rage shi: nauyin harsashi, da yawan albarushi, da nauyin ita kanta bindigar. Bindiga mai nauyi ba ta shuri kamar maras nauyi ko da ɗurinsu ɗaya ne.

Bindigar da maharban wannan yanki suka gada ita ce bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, domin ta baki ake ɗura ta, kuma in an harba sau ɗaya sai an sake ɗuri. A nan ne matsalar take. Harsashin zamani daga masana'anta yake zuwa a aune, amma a bindigar toka maharbi ne da kansa yake auna albarushinsa, sau da yawa da ido ko da tafin hannu, don haka da wuya ɗurin yau ya yi daidai da na jiya. Akwai kuma tunanin da ya zauna a zukatan wasu, musamman samari masu son burga, cewa yawan albarushi shi ne ƙarfin bindiga. Wannan kuskure ne mai tsada. Idan ɗuri ya yi yawa bakin bindiga yakan ɗaga sama, maharbi kuma da ya sha shuri sau biyu ko uku sai jikinsa ya riƙa noƙewa tun kafin ya ja kunama, saitin ya ɓaci. Mafi muni, bututun da maƙeri ya yi da ƙarfen da ba a gwada ƙarfinsa ba yana iya tsagewa a hannun mai shi, ya rasa yatsu ko ido. Shi ya sa gogaggen maharbi yake manna gindin bindiga sosai a kafaɗa, ya ɗan karkata gaba, kuma yakan duba abin da zai harba kafin ya yi ɗuri, domin ƙananan ƙwayoyin dalma da za a watsa wa zabi ba su ne za a yi wa gwanki ba.

'Yan bindigar sarki da ake gani a hawan Salla a Katsina al'amarinsu daban ne. Su ƙara da hayaƙi suke nema, saboda haka albarushi kawai suke ɗurawa ba harsashi.

Idan aka juya ga gasar harbi ta duniya da ake yi da ƙaramar bindiga ta hannu, sai a tarar sun bi hanyar da ta saɓa wa ta masu cika ɗuri. Hukumar ISSF mai kula da wannan wasa ta ƙayyade cewa a gasar harbin sauri ta nisan mita 25 ana amfani da ƙaramin harsashi mai suna .22 LR, kuma nauyin bindigar kada ya wuce giram 1,400. Ƙwayar wannan harsashi ba ta fi giram 2.6 ba, gudunta kuma bai wuce kimanin mita 330 a daƙiƙa ba, don haka bindigar ba ta komawa baya da gudun da ya kai mita ɗaya a daƙiƙa. Duk da haka ɗan wasa yana jin sa, domin a tsaye yake harbi da hannu ɗaya. A gasar harbin sauri, a zagayen da ya fi tsauri, daƙiƙa 4 kacal ake ba shi ya harbi alluna biyar. Kafin shekarar 2005 ana yin wannan gasa da harsashi mafi ƙanƙanta, .22 Short, da kuma ramuka a bututu masu rage ɗagawar baki, amma daga wannan shekara aka hana. Saboda haka 'yan wasa suka ƙara dogara ga riƙo: wuyan hannu a ƙage, matsi iri ɗaya a kowane harbi, ta yadda bindiga za ta ɗaga ta dawo inda ta tashi. Wajen zaɓen harsashi kuwa ba mai ƙarfi suke nema ba, wanda ba ya saɓawa suke nema. Har sukan gwada rukuni daban-daban na kamfani ɗaya, kamar Eley na Ingila ko Lapua na Finland, su sayi wanda ya fi tara harbi wuri guda a bindigarsu.

Ba a yin irin wannan gasa a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, kuma doka tana daga cikin dalilai. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta shekarar 1959 ta sanya ƙaramar bindiga ta hannu cikin makaman da aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa, alhali lasisin bindigar toka yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.