Binciken magani: lissafin da bai ware maza da mata ba yana ɓoye asara

Kafin magani ko allurar rigakafi ta iso asibiti, sai an gwada ta a kan dubban mutane. Bayan haka masana sukan tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe dabam-dabam, su tace su, su fid da hukunci guda. Wannan aiki shi ake kira bitar bincike bisa tsari. Ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a Ingila a 1993, ta shahara da shi, kuma a kansa ma'aikatun kiwon lafiya da hukumar lafiya ta duniya, OMS, suke dogara wajen zaɓen abin da za a saya da kuɗin jama'a.

Sai dai bitar tana da tarko. Ɗan kasuwar da ya gama lissafin albasa da na wake a shafi ɗaya yana iya ganin riba, alhali albasar faɗuwa take yi. Haka abin yake in an zuba sakamakon maza da na mata a jimla guda.

Afirka ta yamma ta ga misalin haka. A 1989 OMS ta ba da shawarar amfani da wata allurar ƙyanda, wato baƙon dauro, mai ƙarfi ainun, da ake yi wa jarirai tun suna wata 6. Masu bincike a Gine-Bisau da Senegal da suka ci gaba da bin yaran sun lura cewa ƴan matan da aka yi wa ita suna mutuwa fiye da waɗanda aka yi wa allurar da aka saba, amma ga yara maza ba a ga wannan bambanci ba. A 1992 OMS ta janye shawarar. Allurar da ake yi a yau ita ce wadda aka saba, kuma ta ceci miliyoyin yara, maza da mata.

Wani lokaci kuma matan ma ba su cikin gwajin. Bayan maganin thalidomide ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, hukumar magunguna ta Amurka ta ware mata masu shekarun haihuwa daga gwajin farko a 1977, ba ta sauya ba sai 1993. Binciken da ya nuna a 1989 cewa aspirin yana rage bugun zuciya da kashi 44 cikin ɗari, a kan likitoci 22,071 aka yi shi, dukkansu maza. Sai a 2005 aka samu sakamakon mata 39,876: a gare su ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 17, amma a jimlace bai rage bugun zuciya ba.

Ba halittar jiki kaɗai ke kawo bambanci ba, har da rabon aiki cikin gida. Ciwon amodari, wanda Nijar ta daɗe tana yaƙi da shi, shaida ne. Wata bita ta 2009 ta nuna cewa juyewar gashin ido, wadda ke kai ga makanta, ta fi samun mata kusan ninki biyu, kuma ana danganta haka da cewa su ne ke ɗawainiyar yara masu ɗauke da ƙwayar cutar. Shirin aikin ido da bai san da wannan ba, zai jira marasa lafiya a asibitin gari, alhali mafi yawansu suna ƙauye, babu kuɗin mota.

Tun 2016 akwai ƙa'idoji da ake kira SAGER, masu neman kowane mai bincike ya bayyana yawan maza da mata da sakamakon kowane ɓangare. Mai bita ba ya iya ware abin da ba a rubuta a ware ba tun farko. Saboda haka ma'aikacin da aka ɗora wa rahoto bisa tebur yana da haƙƙin tambaya kafin ya sa hannu: mata nawa aka gwada, kuma mi ya same su?