Daga Aji Zuwa Shago: Ina Ɗaliban Sakandare Ke Maƙalewa?

A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayyar Najeriya ta sake yi wa manhajar makarantu garambawul, ta taƙaita darussan sana'a zuwa shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. Kafin nan guda 34 ne a takarda, tun 2011 da hukumar tsara manhaja ta NERDC ta ce kowane ɗalibin babbar sakandare sai ya ɗauki ɗaya. Manya kuma za su tuna cewa ba yau farau ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 da irin wannan alkawari ya zo, har aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai. Da yawansu a cikin akwatuna suka tsufa, don babu wuta, babu ɗakin kafa su, babu malamin da ya san kansu.

Dalilin da ya sa gwamnati ke ta komawa kan wannan magana ba ɓoyayye ba ne. A 2024 kusan ɗalibai miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar JAMB, alhali guraben manyan makarantu ba za su ɗauke su duka ba. Wanda ma ya samu shiga ya fito da digiri, sau da yawa gida yake dawowa ya rungumi fayil yana zaga ofisoshi. Tsadar rayuwa bayan cire tallafin mai a 2023 ta ƙara sauya lissafin iyaye: uban da a da yake jin kunyar a ga ɗansa da baƙin mai a hannu, yanzu shi ke cewa "a dai samu abin yi". Kasuwa ma ta buɗe ƙofofi. Rashin wuta ya sa masu haɗa sola ba sa zama, kuma kusan kowane aljihu da wayar da wata rana za ta faɗi ta fashe.

To amma me darasin ya haifar? Makarantu da dama sun bi hanya mafi sauƙi. Tun da WAEC ta fara jarrabawar waɗannan darussa a 2014, shugabannin makarantu suka karkata ga waɗanda allo da alli suka wadatar, irin su dabarun kasuwanci da sarrafa bayanai, suka kauce wa walda da kafinta da kanikanci masu buƙatar ɗakin aiki da kuɗin kaya. Ba laifinsu ba ne kacokan, wanda ba a ba shi janareto ba ba za a tuhume shi kan rashin kunna injin walda ba. Sai dai sakamakon ɗaya ne. Yarinya za ta zana keken ɗinki a littafi, ta ja kibiya ta rubuta sunan kowane sashe, ta ci jarrabawa da kyau, amma a ɗora ta a kan keken ba za ta iya zura zare ba.

Sana'ar gaske a wani wuri ake koyonta. Wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko Panteka a Kaduna zai ga makarantar da ba ta da rajista. Uba ne ke kama hannun ɗansa ya kai shi wurin maigida ya ce ga amana. Yaro ya fara da shara da ɗebo ruwa da aike, daga nan a bar shi ya riƙe sifana, ya kwance, ya wanke, sai an ga hankalinsa kafin a bar shi ya ɗaura. Bayan shekaru a yaye shi, wani lokaci har da ɗan jari. Wannan tsari na fitar da ƙwararru, kuma yana ba yaro abin da aji ba ya bayarwa, wato sanin kwastoma da dillali da inda ake samun kaya da araha. Rauninsa shi ne babu takarda, don haka gwanin walda na iya rasa aikin kamfani a ba wanda bai kai shi ba. Hukumar NBTE da ke Kaduna, ƙarƙashin Farfesa Idris Bugaje, ta matsa wajen gwada masu sana'a irin na Panteka a ba su shaidar ƙwarewa. Mataki ne mai ma'ana, amma har yanzu makaranta da shago kowa harkarsa yake. Shirin SIWES na hukumar ITF, wanda ke tura ɗalibai sanin makamar aiki, na 'yan manyan makarantu ne. Ɗan sakandare ba ya ciki.

Idan wannan giɓi ya wahalar da mai lafiya, ga ɗalibi mai buƙata ta musamman rami ne. Makarantunsu dai akwai, ko da ba su isa ba: ta makafi a Gindiri tun 1953 take, ga ta Tudun Maliki a Kano, ga kwalejin horar da malamansu a Oyo. JAMB ma tun 2017 take da shiri na musamman don makafi masu zana jarrabawa. Tambayar ita ce ranar da aka gama aji shida, sai ina?

A duba yadda shago ke ɗaukar yaro. Shekarar farko ta almajirin sana'a aikin ƙafa ne da kunne: je ka sayo, zo ka ɗauko, ana kiranka daga can ƙarshen layi. Maigida na kallon gurgu ya ga ba zai aiku ba, ya kalli kurma ya ga ba zai kiru ba, sai ya ce wa uban "Allah ya kawo wani lokaci". Ba lallai mugunta ba ce, shi ma da ribar yini yake cefane. Amma gyaran waya aikin zaune ne, ido da yatsu yake so, kuma kurma a gaban keken ɗinki ba ya rasa komai. Akwai kuma matsalar harshe. A makaranta yawanci yaren hannu mai tushe daga Amurka ake koyarwa, a unguwa kuma kuramen Kano na da tasu maganar hannu, maigida kuwa ko ɗaya bai iya ba. Mai keken guragu shi ma sai ya tsallake kwata da dakali kafin ya kai bakin shagon. Makaho kuma an daɗe ana tura shi saƙar kujera da kwando, a zamanin da manhajar karanta allo ke ba shi damar aiki da kwamfuta da waya.

A gefe guda bara na jira da hannu biyu. Ita tana da tsari, da sarkin makafi da sarkin guragu, da kuɗin shiga tun ranar farko. Kano ta haramta bara a titi fiye da sau ɗaya, amma haramci ba ya samar da gurbi a shago. Abin lura shi ne inda masu lalurar suka haɗa kansu, abin ya yi aiki: ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa a Kano ta daɗe tana ƙera kekunan guragu da hannunta, tana koya wa matasa walda.

Doka ma akwai. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. A 2020 aka kafa hukumar kula da su. Jamus ma kashi 5 ɗin ta sa, sai dai nata ya hau kan duk mai ɗaukar ma'aikata 20 zuwa sama, har da kamfanoni masu zaman kansu, wanda bai cika ba ya biya kuɗi a zuba wajen sama wa nakasassu aiki. A Amurka doka ta wajabta wa makaranta ta zauna da ɗalibi da iyayensa ta rubuta shirin fitarsa zuwa aiki ko ƙarin karatu, zuwa lokacin da ya cika shekara 16. Babu wanda zai kwaso waɗannan tsare-tsare ya dasa a unguwanni irin Kurna ko Rigasa yadda suke, amma sun ɗora nauyin a kan wani takamaimai. A nan kuwa, da ɗalibi ya karɓi sakamakonsa makaranta ta sauke nauyi.

Rage darussa zuwa shida na iya taimakawa, don sayen kayan sana'a shida ya fi na 34 sauƙi, kuma aƙalla uku daga ciki mai keken guragu ko kurma zai iya yi ba tare da wani babban gyara ba. Abin da manhaja ba za ta yi da kanta ba shi ne kai ɗalibi bakin shago: malamin da ya san masu shagunan unguwa da sunayensu, ɗan tallafin da zai sa maigida ya yarda ya ɗauki yaron da ba zai aika ba, da tafintan da zai zauna da su makonnin farko. Kason da doka ta ware na aikin gwamnati ne kawai, alhali yawancin 'yan Najeriya a kasuwa da gona da gareji suke cin abinci. Wa'adin shekara biyar da dokar ta ba gine-ginen jama'a su gyara mashigarsu kuwa ya cika tun Janairun 2024, kuma makarantu da yawa har yau matakala ce ke tarar ɗalibi a ƙofar aji.