Ƙyalle da tsumma ba shara ba ne: ɗinkin haɗe-haɗe a ƙasar Jibiya

'Yan'uwa, duk wanda ya san Jibiya ya san cewa abincin mutane da yawa a kan iyaka yake. Daga Magama zuwa Ɗan Isa, har cikin Maraɗi, masu dako da 'yan acaɓa da mata masu tuwo duk motocin kaya suke jira. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilu na 2022. Aka sāke rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Ga kuma 'yan bindiga da suka raba ƙauyuka da gonakinsu. Shi ya sa muke ta neman sana'ar da mace za ta yi a tsakar gida, wadda jarinta bai wuce allura da zare da sabulu ba. Ɗinkin haɗe-haɗe yana cikin irin waɗannan.

Wasu suna ganin aikin Turawa ne. Ba haka ba ne. Masaƙanmu na dā sirara-sirara suke saƙa tufa, sannan a harhaɗa ta zama gwado ko luru. Iyayenmu mata kuma ba su taɓa jefar da tsumma ba: a yi gammo, a cusa a matashi, a yi wa yarinya 'yar tsana. Abin da muke so a ƙara shi ne tsari da tsabta, domin kayan su kai a saya da kuɗi.

Kayan aikin suna kusa. Kowane tela yana share ƙyallayen atamfa da shadda da yadi, musamman gab da Kirsimeti da lokacin Sallah. Akwai tsohon zane, da gwanjon da ya yi kwantai, da tsohuwar rigar sanyi da za a warware a sami ulu. Ku yi magana da tela tun da wuri, ku ba shi buhu ya riƙa tara muku. In ya ce a saya, a saya, domin ya fi a je a tarar ya ƙone su.

Aikin da ya fi muhimmanci shi ne tantancewa, kuma a nan yawancin masu koyo suke gaggawa. A wanke komai, a shanya, a goge. Sabon yadi yakan tsuke a wankin farko, tsoho kuwa ya riga ya gama tsukewa. In aka haɗa su ba a wanke ba, ranar da mai saye ta wanke mayafin sai ya tattare, tsohon ya yage a bakin ɗinki. Ƙyalle mai launi mai ƙarfi, kamar ja ko shuɗi, a jiƙa shi a goga a kan farin tsumma. In ya zuba, a ware shi. Sannan a raba auduga da yadin roba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a zare ɗan zare a kusanta shi da wutar ashana. Auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi, da wari kamar na takarda. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule. Auduga ita ce ta mayafi da kayan jarirai. Roba a bar ta ga jaka da abin goge ƙafa, kuma kada a yi tsumman sauke tukunya da ita, don tana narkewa ta manne wa hannu.

Don yanka, a sami kwalin sukari ko na sabulu a yanke shi murabba'i, inci 6 kowane gefe. A ɗora a kan ƙyalle, a zana da alli, a yanka. Ɗinki zai cinye rabin inci a kowane gefe, sai a sami inci 5. Zanen gado mai faɗin inci 60 da tsawon inci 80 zai ci layi 16, kowane layi ƙyalle 12, wato 192 ke nan. Kada yawan ya tsorata ku. Mata huɗu a zumunta, in sun raba aikin, ba zai gagare su ba. Kafin a soma ɗinki a shimfiɗa su duka a kan tabarma, a koma baya a duba. Mai duhu kusa da mai haske, mai manyan furanni kusa da mara zane. Mun lura cewa launi uku ko huɗu da aka maimaita sun fi shiga ido a kan ashirin da aka watsa. A nan ne ake gane mai ido, kuma ba lalle ta zama wadda ta fi iya keke ba.

In mayafin hunturu ake so, sai a yi shi hawa uku: haɗe-haɗen a sama, tsohon zane ko tsohon bargo a tsakiya, zane mai ƙwari a ƙasa. A bi da allura layi-layi, a fara daga tsakiya a nufi gefe, tazarar yatsa uku tsakanin layi da layi. Haka matan Bangaladash da Indiya suke yi da tsofaffin tufafinsu, suna kiransa kanta. A Amurka ma, a wani ƙauyen baƙaƙen fata mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, mayafan da mata suka ɗinka da tsofaffin kayan aikin gona don maganin sanyi an baje kolinsu a manyan gidajen tarihi a 2002.

Sai buhu da leda. Ana warware zaren buhun shinkafa a tufka igiya, ko a naɗe kaba da shi a yi faifai mai launi. Amma buhun taki, ko wanda aka zuba iri mai magani a ciki, kada ya kusanci abin da zai taɓa abinci, ko an wanke shi. Zaren buhu kuma ba ya son rana, yakan rududduge. Leda ana wanke ta, a yanka zobe-zobe, a sarƙafa ta zama zare, a saƙa jaka da kwarashi. Wata mata a ƙauyen Njau na ƙasar Gambiya, Isatou Ceesay, ta soma wannan da maƙwabtanta a 1997, bayan sun ga awaki suna mutuwa saboda cin leda. Mu ma mun san wannan asarar, mahauta suna fitar da leda daga tumbin dabbobi. Nijar ta kafa dokar hana irin wannan leda a 2014, amma wanda ya bi hanyar Maraɗi ya ga yadda take rataye a kan ƙaya. Guntayen da suka rage kada a hura wuta da su, hayaƙinsu yana cutar da ƙirji.

Batun kuɗi, gaskiya ita ce babban zanen gado ba ya saurin fita, domin bargon kanti da na gwanjo suna da araha. Ƙananan kaya sun fi tafiya: rigar matashi, jakar makaranta, shimfiɗar jariri, kayan adon ɗakin amarya. Wajen sa farashi a lissafa zare da sabulu da gawayin guga da kuɗin mota, sannan a sa ladan kwanakin da aka yi ana aiki. Wannan na ƙarshe shi ne mata suka fi mantawa. Babbar kasuwar Jibiya ranar Lahadi take ci, don haka ƙungiya ta shirya wadda za ta kai kaya bayan an tashi sujada, ko a ajiye su wurin mai shago a bisa yarjejeniya a rubuce. In mai saye daga Nijar ya biya da sefa, a tambayi canjin wannan ranar kafin a sallama, domin tun 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai, lissafin bara ba zai yi ba.