Kai Kuka Ga Allah Ba Saɓo Ba Ne

A Dalijan, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu, idan damina ta ƙi, ko mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, mukan ji talaka yana cewa, "Ya Allah, sai yaushe?" Nan take wani zai kwaɓe shi ya ce ya yi saɓo. Shin haka ne?

Wannan tambaya tsohuwa ce. A cikin littattafan da ke hannun Ahlul Kitabi akwai na Habakuk, wanda ya rayu a ƙasar Yahuza kimanin shekara 600 kafin Annabi Isa, alaihis salam. Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba. Ya ga shari'a ta lalace, mugaye sun rinjayi salihai, sai ya tambayi Ubangiji dalilin jinkirin agaji. Aka sanar da shi cewa Kaldiyawa na tafe da hukunci. Ya sake tambaya: yaya za a hori mai laifi da hannun wanda ya fi shi laifi? Amsar ita ce ya jira, su ma ranarsu na zuwa. Ya rufe littafinsa da dogaro ga Allah, ko gona ta ba da amfani ko ta hana.

Mu ma muna da irin wannan. Annabi Yaƙubu cikin Suratu Yusuf, da Annabi Ayuba cikin Suratul Anbiya, ga Allah suka kai kukansu, ba a kuwa zarge su ba. Abin da aka hana shi ne tuhumar Allah da zalunci.

Malam Abdullahin Gwandu ya nuna mana mataki na gaba. Bayan asarar da jama'a ta yi a yaƙin Alwasa cikin 1805, bai ɗora wa ƙaddara laifi ba, kwaɗayin ganima na mayaƙa ya zarga. Wajen 1807, da son duniya ya yawaita, ya bar rundunar da niyyar tafiya Madina. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan mulkin adalci, sa'an nan ya komo gida.

Saboda haka, jama'a, kada mu rufe bakin wanda aka zalunta da sunan haƙuri. Mu bar shi ya kai kukansa ga Mahaliccinsa, mu kuwa mu binciki mudunmu da shari'armu, domin sau da yawa a hannunmu zaluncin yake. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.